Aji a Saman Shagon Tela

A Aboabo, saman shagon tela,
inda ƙarar keken ɗinki ke biyo mu har matakala,
nan nake koyar da Jamusanci, Talata da Asabar.
Allona ƙofar firji ce da wani ya yar.
Ɗalibai goma sha ɗaya,
sha biyu in Kwabena ya samu mai tsare masa rumfa.

Ranar farko ba na buɗe littafi.
Koko nake sayowa, mai zafi,
in ce kowa ya hura.
To, tsaya haka, kada leɓe ya motsa!
Yanzu ka ce "i".
Ga ü ta fito da tururinta.
Sulley ya ƙona harshe,
amma har yau ba mai kamo shi a faɗin fünf.

Sautin maƙogwaro na acht da Nacht bai ba ni wahala ba.
Duk wanda ya taɓa biya ha mai ruwa
yana da shi a ajiye tun yana ɗan shekara shida.
Kwabena ne kawai ya ara wurin Fulera.

Sai murafen kwalba da yaran unguwa suka tsinto min,
shuɗi der, ja die, kore das.
Na ɗaga cokali, shuɗi ya tashi.
Na ɗaga mai yatsu, ja.
Na ɗaga wuƙa, aka yi tsit.
Barikisu ta ce, "Malam, ita wuƙar ba ta da dangi ne?"
Da na ce yarinya ma kore ce a wurinsu
saura kaɗan matan su kwashi jakunkunansu.
Rana da wata suka yi mana sulhu:
ita mace, shi namiji,
can ma haka, kamar a gidanmu.

Asabar mukan kwaso Kejetiya mu zube ta a kan benci,
albasa uku, gwangwanin madara, kuɗin takarda.
Was kostet das?
Einundzwanzig, ɗaya da ashirin,
wutsiya ta riga kai shiga ɗaki.
Barikisu ta taya goma.
Na ce can ba a tayi, ba a gyara.
Ta ajiye albasar, ta dube ni:
"To me suke faɗa wa juna a kasuwar?"
Shekarata tara a Hambug ina sauke kaya a tashar ruwa,
ban san amsar ba.

Jimla kuwa a tsaye muke gina ta,
kowa da kalmarsa a kwali, rataye a wuya.
Da weil ta shigo, mai riƙe da aikatau
sai ya koma can ƙarshe,
kamar fasinjan da ya makara a tiro-tiro.
Tahiru muke ba wa, don kullum shi ne na ƙarshen zuwa.

Darasi ɗaya ne ba a dariya.
Nakan sa ƙanƙara a tafin kowa, in ce kada a saki,
har sai an ce mir ist kalt daidai.
Ba na gaya musu cewa wannan ta minti biyu ce,
waccan kuwa wata biyar take kwana a ƙashi.

Shekaranjiya Fulera ta aiko murya daga Bremen.
Tana jinyar wata tsohuwa mai shekara casa'in
wadda ba ta jin der, ba ta jin die,
hannu kawai take miƙowa.
Ta ce kalmomin sun isa lafiya, ban da guda ɗaya:
"Me ake kiran ƙamshin wake da shinkafa
idan ya zo wa mutum cikin jirgin ƙasa, ba tukunya kusa?"

Akwai kalmar. Na san ta.
Ban taɓa samo wasan da zan koyar da ita ba.

Keken ƙasa ya tsaya, an ɗauke wuta.
Na buɗe taga, na ƙirga murafe,
ja ɗaya ya ɓace.
Ina jin yana Bremen, cikin aljihun farar riga.